Kujerar da Babu Mai So

A ƙauyen nan idan ka ce kana neman mai gyaran keke, sai mutane su tsaya suna tunani. Amma ka ce Ciyaman, kowa zai nuna maka gindin bishiyar da ke bakin hanyar kasuwa, inda yake zama a kan wata tsohuwar tayar mota, ga kwanon ruwan gwada faci a gabansa, ga famfo jingine da gwiwarsa. Gajere ne kakkaura, muryarsa ta fi jikinsa girma, hannuwansa kuwa baƙin mai ya riga ya zama fatarsu. Sunan ya riga kujerar zuwa. Tun bai shugabanci ko kaji ba aka laƙaba masa shi don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya zama idan ka kira shi da sunan yanka sai ya yi kamar bai ji ba.

Kowa da irin abin da Allah ya jarabce shi da shi. Wani mata, wani dukiya, shi kuwa babu abin da yake so a duniya irin a tara jama'a, a yi tsit, a ce to yanzu sai mu ji daga bakin shugaba. Ba mugu ba ne, ba kuma cin dukiyar jama'a yake nufi ba. Kujerar kawai yake so, da tafin da ke biyo bayanta.

Ya nemi shugabancin ƙungiyar manoma, Mai Inji ya kayar da shi. Mai Inji shi ne mai injin niƙa ɗaya tilo a garin, dogo ne mai sanyin magana, irin mutanen nan da ba sa neman komai sai dai a bi su har gida a ba su. Ciyaman ya nemi kwamitin kula da rijiya, aka sake ba Mai Inji. Da aka zo kafa ƙungiyar iyayen yara a makaranta, sai aka ji kunyarsa aka ba shi muƙamin mai jera benci kafin taro. Ya riƙe muƙamin da gaskiya, da riga mai guga yake zuwa jera bencin, amma ransa bai kwanta ba.

Mai ɗakinsa ce ta jawo abin da ya biyo baya, ba da niyya ba. Tana tsince shinkafa a tsakar gida, shi kuma yana ta zayyana mata rashin adalcin mutanen gari, sai ta ce tunda sun hana shi tasu, ai sai ya kafa tasa ya huta. Da wasa ta faɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Shi kuwa maganar ta zauna masa daram.

Sai dai da ya duba, duk abin da ake kafa wa ƙungiya an riga shi. Manoma suna da tasu, 'yan kasuwa suna da tasu, har samari masu buga ƙwallo suna da shugaba da mataimaki. Abin da ya rage kawai su ne mutanen da ba wanda ya tuna da su: tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi birni suka manta hanyar dawowa, da waɗanda ciwo ya kwantar, da matan da aka mutu aka bar musu ƙananan yara. Ya sami wani guntun kwanon rufi, ya sa aka rubuta masa da fenti, Ƙungiyar Taimakon Marasa Galihu, ya kafe shi a jikin bishiyarsa.

Taron farko a ajin makaranta aka yi, kuma ya cika maƙil, don babu mai son a ce ba a gan shi a taron tausayi ba. Kowa ya tashi ya yi magana mai ratsa zuciya. Da aka zo zaɓe, Ciyaman ya gyara zama, ya shirya kare kansa daga duk wanda zai fito, sai ga Mai Inji ya miƙe da kansa ya ce shi bai ga wanda ya dace da wannan kujera ba kamar mai gyaran keke. Aka tambaya ko akwai mai ja, aka rasa ko da mai tari. Ciyaman ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, ya gaya wa mai ɗakinsa cewa yau Mai Inji ya ji tsoron karawa da shi. Ta dube shi na ɗan lokaci, ta ce Allah ya sa alheri.

Ba a daɗe ba damina ta kankama, bangon ɗakin Tsohon Tela ya zube.

Tsohon Tela shi ya yi wa rabin garin ɗinki a zamaninsa. Daga baya yanar ido ta rufe masa gani, matarsa ta rasu, ba su bar ɗa ba, harshensa kuwa ya kori 'yan maƙwabtan da suka so matsowa. Mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya gaya maka inda gaisuwar ta gaza. Yana zaune a ɗaki ɗaya a ƙarshen gari, da gado mai igiya, da tulu, da kujerar katako mai ƙafa ɗaya gajera.

Ciyaman ya aika wa 'yan ƙungiya cewa a hallara a tayar da bango. Ranar sai ciwon baya ya sauka a garin kamar annoba. Wanda bayansa ke lafiya kuma surukarsa ce ba lafiya a wani gari. Mai Inji ya aiko da saƙon fatan alheri da aron shebur. A tunanin Ciyaman, aikin shugaba shi ne ya tsaya ya goya hannu a baya yana nuna wa mutane inda za su sa ƙasa. Ya tsaya ɗin, ya goya hannun, amma babu wanda zai nuna wa. Masu wucewa zuwa gona suna kallonsa, suna ce masa sannu da aiki Ciyaman. Kunya ta hana shi tafiya. Ya tuɓe riga mai guga ya rataye a reshe, ya naɗe wando, ya shiga kwaɓa ƙasa.

Tsohon ya sa aka fito masa da kujerarsa, ya zauna yana kula da aikin da kunne. Ya ce daga jin ƙarar ƙasar nan ba ta kwaɓu ba. Ya ce wanda ke aikin numfashinsa ya yi yawa, da gani bai saba wahala ba. Da bango ya tashi bayan kwanaki, ya lallaba ya shafa shi daga sama har ƙasa.

"Waye ya gina wannan?"

"Ni ne, Baba. Shugaban ƙungiya."

"To shugaba, bangonka ya karkace kamar kafaɗar rigar ɗan koyo. Amma bar shi, tunda ni ba gani nake ba."

Wannan ce godiyar farko da Ciyaman ya samu a kan kujerarsa.

Bango ya tsaya, sai maganar ci. Ciyaman ya lura cewa abin da tsohon yake sawa a cikinsa bai kai na kyanwa ba. Maza sun riga sun nuna masa iyakarsu, saboda haka ya bi gida-gida yana sallama daga ƙofa, yana roƙon matan gari kowace ta ɗauki rana guda ta ƙara hannu a tukunya. Matan ba su yi jawabi ba, ba su kuma yi ciwon baya ba. Suka ce ya turo kwano. Da babu wanda zai tura, shi ya zama ɗan aiken kansa: kullum da rana sai ka gan shi a kan kekensa, kwano ɗaure a kariyar bayan keken da tsohuwar roba, yana kauce wa ramuka don kada miya ta zube.

Tsohon Tela bai taɓa cin abinci ya yi shiru ba. Zai ɗanɗana, ya tauna a hankali, sannan ya yanke hukunci. Wannan mai girkin tana faɗa da gishiri. Waccan ta nuna wa miyar nama daga nesa ta mayar da shi. Ta gidan Mai Inji kuwa, a cewarsa, da ruwan miyarta za a iya wanke riga ba ta yi tabo ba. Ciyaman kuma Allah bai yi shi da riƙe magana ba. Duk abin da ya ji a ɗakin tsohon, kafin la'asar ya zazzage shi a gindin bishiya, masu kawo faci su kwasa su kai gida.

Da farko matan suka fusata, har aka yi kwanaki ana cewa a bar tsohon banza ya ci harshensa. Amma matar Mai Inji ba ta iya haɗiye maganar wankin riga ba. Da ranarta ta zagayo ta yi girkin da ƙamshinsa ya tsayar da masu wucewa, ta kuma aiko a tambayo mata abin da ya ce. Ya ce ba laifi. Kalmar nan ta ba laifi ta zaga gari kamar an ci kofi. Daga nan gasa ta ɓarke. Kowace mace ranar da kwanon ƙungiya zai fito daga gidanta sai ta fito da ajiyarta ta ƙuryar ɗaki. Magidanta suka fara gunaguni cewa su da suke kawo cefane ba sa ganin irin wannan girki sai ranar kwanon marasa galihu, har wani ya ce shi ma yana tunanin rushe bangonsa.

Kafin shekara ta zagayo kwano ɗaya ya zama jerin kwanuka. Akwai wata Gwaggo da ta kurumce, 'ya'yanta suna birni suna aiko da gaisuwa. Akwai wani mai faskare da gatari ya sare wa ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Akwai matar da mijinta ya faɗa rijiya ya bar ta da yara ƙanana. Ciyaman ya koyi abubuwan da bai taɓa jin an lissafa cikin aikin shugaba ba. Ya koyi wanke gyambo da ruwan gishiri ba tare da ya kawar da kai ba. Ya koyi yi wa kurma magana da hannu. Ya koyi yadda ake ɗaga tsoho daga gado ba a karya shi ba, da yadda ake yi masa wanka a bayan ɗaki a kan ɗan benci, ana riƙe shi da hannu ɗaya ana cuɗa da ɗaya. Duk yana yi yana mita. Bai taɓa cewa tausayi ke sa shi ba, kuma da ka ce masa haka sai ya ji haushi. Cewa yake idan ya bari, me za a ce da shugaba.

Sana'arsa ta fara jin jiki. Mutum zai kawo keke da safe ya tarar da famfo da kwanon ruwa suna gadin wuri, mai su yana can yana yanke wa wani farce. A gida kuma rufin ɗakinsu ya fara yoyo daidai kan gado. Mai ɗakinsa ta yi magana ta gaji, ta koma tara kwanoni. Wata rana yana shirin fita da tsani a kafaɗa zai je gyara rufin Gwaggo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah a ina ake shiga ƙungiyar nan taku? Ba shugabanci nake so ba, cikin marasa galihun nake so a sa ni." Ya ce za a duba maganarta a zama na gaba. Rufin bai gyaru ba sai da ƙaninta ya zo ziyara ya hau.

Tsakaninsa da Tsohon Tela kuwa kullum faɗa ne. Tsohon ya ce ruwan wanka ya yi zafi, a surka, ya ce yanzu kuma an kawo masa ruwan ƙanƙara. Ciyaman ya ce da ya san haka shugabanci yake da ya tsaya a jera benci. Tsohon ya ce ai ko bencin an gaya masa a karkace yake jera su. Wata rana yana cuɗa masa baya, tsohon ya ce su biyun nan duk da keke suka ci abinci, amma akwai bambanci: nasa keken ɗinkin yana rufa wa mutane asiri, na Ciyaman kuwa kayar da su yake yi a gaban jama'a. Ciyaman ya ce to yau wa ke rufa wa wani asiri. Tsohon ya ce a cuɗa gefen hagu, an tsallake shi.

Da shekaru suka ja, Ciyaman ya gaji gajiya ta gaske. Ya kira taro ya ce wa'adinsa ya cika, adalci shi ne a ba wani dama. Ya yi dogon bayani a kan illar mutum ɗaya ya daɗe a kan mulki. Jama'a suka saurara da natsuwa, kowa yana kallon ƙasa kada idonsa ya haɗu da na wani. Sai Mai Inji ya miƙe cikin sanyin muryarsa ya ce shi a ganinsa irin wannan shugaba ba a canza shi, ya kawo shawarar a bar masa kujerar har iyakar rayuwarsa. Ajin ya ɗauki tafi, irin tafin da Ciyaman ya yi shekaru yana mafarki. Ya tsaya a gaban allo yana kallonsu, ya rasa ko godiya zai yi ko zagi, ya yi godiya.

Labarin ƙauyen da babu mai kwana da yunwa ya kai birni. Aka aiko cewa wasu manya daga wata ƙungiyar agaji za su zo su gani da idonsu, har da masu ɗaukar hoto da ɗan jaridar rediyo. Ciyaman ya ji kamar an wanke masa gajiyar shekaru. Ya shirya jawabi, ya haddace, ya riƙa gwada shi a kan Tsohon Tela lokacin wanka. Tsohon ya ce jawabin ya yi tsawo kamar wandon aro, a rage masa ƙafa. Ya rage. Ya sayi sabuwar riga, ya sake wa allon ƙungiya da ke jikin bishiya fenti, ya share gindin bishiya, ya kwashe kayan gyara ya kai gida don kada su ɓata hoto.

Ranar da safe ya biya ya kai wa tsohon abin karyawa, sai ya same shi a ƙasa kusa da gado, jiki zafi rau, ya ɓata kayansa, ko zagi ba ya iya yi. Rashin zagin ne ya tsorata Ciyaman. Ya leƙa waje, gari duk an tafi bakin hanya jiran baƙi. Ya ce a ransa asibitin garin gaba ba nisa, zai kai shi ya dawo kafin motar ta iso. Ya goge shi, ya canza masa kaya, ya ɗora shi a kariya, ya ɗaure shi a bayansa da zani kamar goyo, ya taka.

Sun yi rabin hanya ƙaya ta huda tayar baya. Mutumin da ya yi wa gari faci tun yana saurayi ya tsaya a tsakiyar daji babu gam, babu famfo, babu ko guntun roba, duk ya ɓoye su saboda hoto. Ya kwance zanin, ya kwantar da tsohon a kan sirdi da kariya, ya riƙe shi da hannu ɗaya, ya tura keken da ɗaya. A asibiti aka ce ai sai an ƙara masa ruwa, kuma dole wani ya zauna da shi. Ciyaman ya zauna a bakin gado da sabuwar rigarsa da ta zama tsumma, yana maimaita jawabinsa a zuci yana kallon ruwan yana ɗiga.

Da ya dawo gari da yamma, sawun tayar mota kawai ya tarar a gindin bishiyarsa. Baƙi sun zo, sun nemi shugaba, aka rasa, jama'a suka tura Mai Inji gaba. Ya tsaya a ƙarƙashin allon da Ciyaman ya sake wa fenti, aka ɗauke shi hoto, ya ce su dai suna iya ƙoƙarinsu ne, sakamako yana wurin Allah. Baƙin suka ce ba su taɓa ganin shugaba mai tawali'u irinsa ba. Bayan kwana biyu rediyo ta faɗi sunan Mai Inji a matsayin wanda ya kafa ƙungiyar. Ya zo har gindin bishiya ya ba da haƙuri, ya rantse ya gaya musu ba shi ba ne, su suka ɗauka kawaici yake yi. Kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona ran Ciyaman ke nan, don ko wanda zai zaga bai samu ba.

Ya jira aka sallamo tsohon, ya mayar da shi ɗakinsa, sannan ya sanar cewa ya sauka. Wanda rediyo ta sani ya zo ya ɗauki kwano. Ya koma kan tayarsa ya zauna, ya kasa kunne yana jiran ya ji gari ya rikice.

Gari bai rikice ba. Ashe matan sun daɗe da sanin ranakunsu ba sai an tuna musu ba, kowace ta riƙa kai kwanonta da kanta a hanyar rijiya. Matar da aka bar wa yara ta karɓi wankin ƙafar mai faskare, ta ce ita ma lokaci ya yi da za ta rama alheri. Gwaggo ba ta ma ji labarin saukar ba. Duk wanda ya kawo faci sai Ciyaman ya tambaye shi a kaikaice yaya mutanen nan suke, a ce masa lafiya ƙalau, sai ya buga famfo da ƙarfin da taya ba ta buƙata. Rashin hoton bai yi masa ciwo kamar wannan lafiya ƙalau ɗin ba.

Wuri ɗaya ne aka samu matsala. Mai Inji, don ya wanke kansa, ya ɗauki bokiti da sabulu mai ƙamshi ya je yi wa Tsohon Tela wanka, aka koro shi. Wasu suka gwada, aka koro su. Ana cikin haka wata rana da hantsi sai ga tsohon da kansa, da sanda, yana lalube bango-bango, ya ratso gari har bakin hanyar kasuwa, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ya tsaya daidai inda ya ji ƙarar famfo.

"Kai, ina ka shiga?"

"Baba, ai na sauka."

"Ka sauka daga ina? Yaushe ka hau?"

Masu jiran faci suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Tsohon ya laluba ya zauna a kan benci, ya ce shi ba roƙo ya zo ba, ƙara ya kawo. Kowa ya shigo ɗakinsa sai sannu Baba, sannu Baba, da ƙaramar murya kamar an zo duba gawa. Ya zagi Mai Inji zagi mai kyau, mutumin ya ce Allah ya huci zuciyarka. Ya ce wa zai rayu a haka. Shi yana son wanda idan ya ce ruwa ya yi zafi zai ce masa ƙarya yake yi.

Ciyaman ya ce ai ƙaryar yake yi, ruwan bai taɓa yin zafi ba. Tsohon ya ce to ga shi nan, ya miƙa masa hannu ya ce farcen nan sun isa yanka, kuma kada a yi masa irin na wancan karon da aka haɗa da nama. Ciyaman ya ɗauko reza yana cewa wannan ba a matsayin shugaba yake yi ba, kowa ya shaida. Ba wanda ya sake tayar da maganar sauka, shi ma bai sake ba.

Tsohon ya ƙara 'yan shekaru yana cin girkin gari yana kushewa. Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Ciyaman na riƙe da kansa yana ba shi ruwa a cokali, tsohon ya motsa baki, Ciyaman ya sunkuya don ya ji wasiyya. Abin da ya ce shi ne matashin kan nan ya yi tauri. Bai sake magana ba.

Bayan an binne shi sai ga dangi. 'Ya'yan wansa ne su biyu, da ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsu, suka iso a kan babur da kuka mai sauti. Suka shiga ɗakin suka ɗaga gado, suka sami kan keken ɗinki naɗe a tsumma, ya yi tsatsa. Suka fito suna tambaya ina sauran. Tela guda, a ce ya yi shekaru yana ɗinki bai bar komai ba sai wannan? Babban ya ce sun ji labarin akwai wani mai gyaran keke da ya mallake baffansu, shi ke shiga shi ke fita, ya kamata ya yi bayani a gaban jama'a.

Karo na farko a rayuwarsa aka ba Ciyaman fili a gaban taro ya rasa abin cewa. Sai mai ɗakinsa ta ratso mata ta fito, ita da ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce dukiyar da mijinta ya kwasa a ɗakin nan tana da yawa, kuma ita ce shaida, don ita ke wanke rigunan da yake kwasowa da su. Ta faɗi bangon, ta faɗi wankan, ta faɗi ranar da ya turo baffansu a keke cikin rana, ta faɗi damunan da ta kwana tana tara kwanoni a kan gadonta. Ta ce idan rabon gado suka zo, bokiti da soso suna bayan ɗaki, su ɗauka, akwai sauran tsofaffi a gari. Matan da ke bayanta suka fara matsowa, kowace da abin da za ta ƙara. Baƙin suka ga babu riba, suka ɗaure kan keken a babur. Ɗaurin bai yi ba, sai da Ciyaman ya karɓi igiyar ya gyara musu.

Suka kama hanya har suka kai ƙofar gida. Nan ya ce jawabinta ya yi kyau, sai dai ta yi ta cewa mijina, mijina, ko sau ɗaya ba ta ambaci muƙaminsa ba. Ta ce ya shiga ya ci abinci.

Ɗakin bai daɗe a rufe ba. Gobara ta cinye gidan wata tsohuwa mai saƙar tabarma, aka kawo ta aka sa a ciki. Ita kuwa Allah ya yi ta da godiya. Ciyaman ya kawo ruwa, ta sa masa albarka har jikokinsa. Ya kawo abinci, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗinsa ba, ko da kuwa ya ƙone. Ya gyara mata ƙafar kujera, ta yi kuka. Yakan fito daga ɗakin a gajiye fiye da ranar da ya yi gini, ya zo gida ya zube a tabarma ya ce wa mai ɗakinsa matar nan za ta kashe shi, mutum ba ya samun inda zai sa baki. Matan gari ma girkinsu ya fara komawa yadda yake a da.

Har yanzu yana nan a gindin bishiyar, gashi ya yi fari, gwiwa tana ƙara idan zai hau keke. Jiya da safe an gan shi ya nufi ƙarshen gari da guduma da ƙusoshi, ƙyauren tsohuwar ne ya ɓalle. Tun daga nesa ta jiyo ƙarar kekensa ta fara sa albarka, shi kuma ya jingine keken yana ce mata, "Inna, don Allah ki bari in gama tukuna, ƙila ma a karkace zan kafa shi."